Korau Marini da Tsakin Teku

Da sunan Wanda ya shimfiɗa tudu ya tara ruwa, ya yanka wa kowace halitta abincinta, wadda ido ke gani da wadda ta fi ƙarfin ido. Ni ne Korau marini, mutumin Tsamiya Bakwai, garin da ke bayan Duwatsun Baƙin Gishiri, inda ba a san ruwan da ya fi tafki girma ba. Kun tambaye ni abin da ya fi tayar mini da hankali a yawon duniya. To, ku gyara zama, ga yadda aka yi.

Shekarata talatin da huɗu, ina bakin karofi ina tsoma zane, wani falke ya ba ni labarin Bahar Zurma. Ya ce ruwa ne da ba a hango ƙarshensa, kuma yana sauya launi da lokaci, yau shuɗi, gobe kore, ba tare da wani ya zuba masa baba ko toka ba. Maganar nan ta hana ni sakat. Ni da na ƙare rayuwata ina lallashin ramin rini guda, ina so in san wane ne ke rina wannan. Na bar wa ƙanena marina, na bi ayari kwana arba'in, na ratsa Dajin Marke da ƙafa, na sauka a wani gari na masunta da ake kira Sulkuma.

Da hantsi na isa gaɓa. Ruwan kuwa shuɗi ne tas, kana hango yashin ƙasansa kamar a tafin hannu. Jirage na kife a kan rairayi, maza na zaune a inuwarsu ba mai cewa uffan. Na yi sallama, na ce ban taɓa ganin ruwa mai tsabta da kyau irin wannan ba, lalle Allah ya yi musu baiwa. Wani ƙato ya miƙe da filafilin tuƙi a hannu, ya tambaye ni ko ba'a na zo yi musu. Da ba don wata tsohuwa da ke zaune a kan turmi ta tsawata masa ba, da labarina ya ƙare a nan.

Sunanta Iya Delu, ita ce mai duban ruwa ta garin, wadda ke gaya wa masunta lokacin fita da inda za su nufa. Ta kama hannuna ta kai shi kusa da hancinta, ta ce tana jin warin baba. Na ce sana'ata ce. Sai ta ce in gaya mata launin ruwan nan da bakin marina. Na ce shuɗi ne irin na tsomi na biyu, ba ɗigon kore a cikinsa ko na magani. Sai ta ce in bi ta gida.

A can ta nuna mini abin da ya kawo ni. Tana da wani tsumman alharini mai laushi da aka ɗinka kamar zurfin hula, da wata ƙwayar gilashi kamar ɗigon raɓa a tsakiyar ɗan katako. Ta tace ruwan da aka ɗebo mata daga inda wani kogi ke zuba a teku, ta ɗiga abin da ya rage a kan farce, ta ce in leƙa ta ƙwayar. Na leƙa, na kusa yar da katakon. Cikin ɗigo guda akwai gari sukutum. Ga wasu kamar akwatunan gilashi an jera su sarƙa, ga wasu kamar taurari, ga wasu kamar zobba. Tsakaninsu wata aba mai ido ɗaya da dogayen gashin baki biyu tana tsalle kamar ƙuma.

Iya Delu ta ce tsakin teku suke kiransa, don shi ne abincin 'ya'yan kifi kamar yadda tsaki yake ga 'yan tsaki. Masu launin kore da ƙasa-ƙasa su ne ciyawa, hasken rana suke ci. Masu tsalle su ne awaki, su ke kiwon ciyawar. Ƙananan kifaye su ci awakin, manya su ci ƙanana, mutum ya ci manya. Ba su da ƙarfin yi wa ruwa gardama, inda ya nufa nan suke nufa. Kowace shekara iskar arewa takan bi gaɓa ta kore ruwan sama mai ɗumi, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso da takin duk abin da ya mutu ya nutse, ciyawar ta ci ta yi yawa, teku ta koma kore, kifi ya cika taru. Bana wata bakwai ke nan iskar ba ta zo ba. Ruwan da na yaba, in ji ta, gona ce da fari ya cinye.

Na zauna da ita wata guda ina koyo, ina kuma kallon yunwa tana cin garin. Yara sun daina wasa. Mata na tonon saiwoyi a bayan gari. Daga ƙarshe dattawa suka yanke shawara a tura jirgi mafi girma da ragowar guzurin kwana ashirin, ya je ya nemo inda koren ruwa ya koma. In sabon wata ya tsaya bai dawo ba, kowa ya ɗaure kayansa, a watse. Shugaban jirgin shi ne Bagudu, ƙaton nan da ya tasar mini da filafili. Matuƙa goma sha biyu, cikinsu har da ƙanensa Jatau, mutum mai barkwanci, wanda ya fara ba ni ƙoƙon ruwa a garin. Iya Delu ta ce ba za ta je ba sai da ni, don in riƙe mata kaya. Bagudu ya yi gunaguni a kan ƙarin baki, amma ya yarda.

Ana gobe za mu tashi ta kira ni bayan ɗaki, ta buɗe idanunta da yatsu ta ce in duba. Hakiya ta rufe su duka biyu, sai ɗan haske da inuwa take bambancewa.

"Shekara biyu ke nan, ɗan nan, kuma ba wanda ya sani," in ji ta. "Wadda na koya wa aikin ta rasu wajen haihuwa. In suka ji, ba jirgin da zai fita, su kuwa ba su da ko taki ɗaya na gona a tudu. Kai za ka gani, ni in faɗa."

Na ce mata wata ɗaya kacal na yi da sanin teku. Ta ce ta sani.

Muka bi gaɓa muka yi kudu. Kwana huɗu ruwa shuɗi, tsumman alharini na fitowa wayam. Rabon kowa dunƙulen gari ne da busasshen kifi kamar yatsa. A rana ta biyar muka shiga wani lungu tsakanin duwatsu, sai ga ruwa ya yi kauri ya sauya launi. Matuƙa suka ɗauki sowa. Duwatsun kuwa cike suke da kawa, irin mai ɓawo biyu da nama a ciki. Duk idanu suka koma kan Iya Delu. Ta sunkuya kamar tana duba, ta tambaye ni a hankali abin da nake gani.

Na ce launinsa ƙasa-ƙasa ne, kamar jiƙon tsamiya. Ta tambaya ko akwai ja a ciki. Akwai. In rana ta bugi ruwan ta gefe, ina ganin wani ja-ja kamar tsatsar tsohuwar fartanya. Amma na dubi fuskokin mutanen nan, na ji cikina na kuka, na ce ɗan kaɗan ne, bai kai a kula ba. Ta sa na tace na leƙa ta ƙwayar gilashi. Jirgi na rawa, na ga abubuwa birjik, na ce mata ciyawa ce ta yi yawa. Ban gaya mata cewa juyawa suke yi ba, don ban san juyawar na da ma'ana ba. Ta ɗaga kai ta ce wa Bagudu ruwan na da kyau, a ci kawa.

Jatau ne ya fara faɗawa ruwa. Kafin a haɗa wuta ya riga ya fasa kamar ashirin ya shanye ɗanye, yana tsokanar sauran da cewa masu jiran gashi su jira. Ba a jima ba ya ce leɓensa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa na raƙumi, aka yi dariya. Can ya ce yatsunsa na yi masa kamar kiyashi na tafiya a ciki. Ni kuwa na zagaya bayan wani dutse neman itace, sai na iske matattun kifaye jibge, ciki sama, da tsuntsaye biyu a mace a gefensu. Na dawo da gudu na raɗa wa Iya Delu. Ban taɓa jin murya irin wadda ta fito daga tsohuwar nan ba. Ta ce a zubar, kowa ya tofar da abin da ke bakinsa.

Mutum uku da suka ɗanɗana ta sa aka ɗura musu ruwan gishiri da dakakken gawayi har suka amayar, Allah ya tashe su. Jatau kuwa ƙafafunsa suka mutu, sannan hannuwa, sannan harshe. Idonsa biyu, yana kallon wansa, numfashi na ƙin shiga. Bagudu ya rungume shi yana hura masa iska a baki har la'asar ta yi, sannan ya ajiye shi. Muka binne shi a tudun lungun, muka jera duwatsu a kai.

Da magariba muna fita, duk inda filafili ya taɓa ruwa sai wuta shuɗiya ta tashi, marar zafi, ta bi bayan jirgi kamar jela. Matuƙa suka shiga addu'a. Na gaya wa Iya Delu, na kuma gaya mata jan da na rage da juyawar da na ɓoye. Daga baya ta ce akwai wani irin tsaki mai juyawa kamar katantanwar yara, wanda kan yi yawa a ruwan da ya kwanta ya yi ɗumi, kawa ta tace shi ta tara dafinsa a jikinta ita ba ta mutu ba. Ta ce daga yau in na ga abu in faɗe shi duka, ko da zai hana mu abinci, ita ce mai zaɓen abin da ke da amfani, ba ni ba. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Da safe Bagudu ya tsaya a kanta ya ce shekara arba'in garin na bin bakinta ba ta taɓa kuskure ba, me ya faru jiya. Ta ce tsufa ne. Ya dube ta, ya dube ni, ya koma kan akalar jirgi. Tun daga ranar duk sanda na matsa kusa da ita sai in ji idonsa a ƙeyata.

Muka bar gaɓa muka shiga tsakiyar teku, inda ba tudu ba tsuntsu. Nan Iya Delu ta fito da wata farar ƙwarya da aka shafe da alli aka ɗaura mata dutse, da igiya mai ƙulli a kowace gaba. Kullum rana tsaka nakan saki ƙwaryar in bi ta da ido har ta ɓace, in ƙirga ƙullin. In ruwa na da tsaki, ƙwarya kan ɓace da wuri. Ranar farko sai da ta yi gaba talatin da ɗaya ina hango ta, fara fat kamar wata a rijiya. Kashegari talatin. Ruwan shanmu ya fara wari, leɓunan mutane suka tsattsage.

A rana ta tara muka faɗa cikin lemar ruwa. Wasu halittu ne masu kama da buɗaɗɗiyar lema, jikinsu kamar daskararren kamu, ana ganin ruwa ta cikinsu, da dogayen zare a ƙasa masu harbi kamar kunama. Sun rufe teku iyakar ganin ido. Filafili ya shiga ya fito da zarensu, zaren ya sauka a hannun matuƙi, fata ta tashi. Kafin azahar mutum biyar ba sa iya riƙe komai. Iska ta ɗauke, ruwa na jan mu tare da su, ba mu san ina ba. Iya Delu ta ce su ma tsakin teku ne, manyansa, kuma sukan yi yawa ne inda kifin da ke rage su ya ƙaura.

Na hau sandar jirgi don in ga ko suna da iyaka. Daga sama sai na ga ashe ba a barbaje suke ba. Layi-layi suke kamar kunyoyin gona, da kwari mai ruwa zalla tsakanin kowace kunya da 'yar uwarta, mu kuwa muna ta faman yanka kunyoyin a gicciye. Na kwala wa Bagudu kira ya juya hancin jirgi ya bi kwarin. Ya yi jim kamar ba zai ji maganata ba, sannan ya juya. Aka naɗe hannuwan masu sauran ƙarfi da tsummoki da man kifi, ni ina sama ina nuna dama da hagu, har rana ta yi ja muka fita. Ƙafafuna sun sandare, sai da aka sauko da ni.

Na zaci wannan zai sanyaya zuciyar Bagudu, ashe ƙara masa tunani ya yi. A rana ta goma sha biyu, bayan na jawo ƙwarya na sunkuya kusa da kunnen Iya Delu, sai ya bar akala ya zo ya tsaya gabanta. Ya ɗaga hannu ba tare da ya yi motsin da za ta ji ba.

"Iya, yatsu nawa na ɗaga?"

Ta ce ba ta gani, kuma rabonta da gani shekara biyu.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Wasu suka ce a juya gida, wasu suka ce a fara jefa makauniya da baƙonta ruwa. Bagudu ya tambaya wane ne ya duba ruwan lungu. Iya Delu ta buɗe baki za ta ɗauki laifin, na riga ta. Na ce ni ne, na ga ja na ce bai kai a kula ba. Ya shaƙe ni ya kai ni bakin jirgi har gashin kaina na taɓa ruwa. Ina kallon shuɗin nan marar ƙasa, na ce masa ya kashe ni in ya so, amma ya fara duba igiyar. Na ce shekaranjiya gaba ashirin da bakwai, jiya ashirin da biyar, yau ashirin da biyu, kuma wannan ba ya bukatar idona, kowa na iya sakin ƙwarya ya ƙirga da kansa.

Ya sake ni. Ya saki ƙwaryar da hannunsa, mutum uku suka sake gwadawa bayansa, duk suka sami ashirin da biyu. Ya ce ya ba mu kwana biyu. In ƙwarya ba ta ɓace a ƙasa da gaba goma ba, zai juya, kuma dutsen farko da muka tarar a hanya nan zai sauke ni.

Kashegari rana tsaka duk jirgin ya taru a gefe guda har ya karkata. Bagudu ya saki igiya. Ashirin ta wuce, ashirin da biyu ta wuce, ƙwarya ba ta ɓace ba sai a ashirin da huɗu. Ba wanda ya dube ni, kuma wannan ya fi kallon ciwo.

Iya Delu ce kaɗai ba ta rikice ba. Ta ce awakin teku da rana sukan gudu ƙasa inda duhu yake don kada a cinye su, sai rana ta faɗi su hauro kiwo, saboda haka a ɗaura wa tsumman alharini dutse a sake shi iyakar igiya. Aka yi, aka jawo. A ƙasan tsumman akwai ɗan abu kamar cokali guda na kunu. Na leƙa ta ƙwayar gilashi, na faɗi duk abin da na gani dalla-dalla, har da abin da na ɗauka shirme ne. Na ce masu tsalle ne, manya, kuma a tsakiyar jikin kowace akwai wani zare kore.

Ta kama hannuna ta matse. Ta ce wannan zaren hanjinsu ne, kuma koren ciyawa ce da ba ta gama narkewa ba. Sun ci sun ƙoshi bai fi yini guda ba, su kuwa ba sa tafiya da kansu, ruwa ne ya kawo su. Ta tambayi Bagudu daga ina ruwan ƙasa ke jan igiya. Ya duba karkatar igiyar ya ce daga kudu maso yamma. Ta ce to can gonar take, mun bi gefenta ne muna wucewa.

Juyawa can na nufin tuƙi gaba da ruwa, da mutanen da hannuwansu ba su warke ba, da guzurin da bai fi na komawa ba. Bagudu ya tsaya yana kallon igiyar tsawon lokaci. Sannan ya ba wani akala, ya zauna a mazaunin Jatau, ya ɗauki filafilinsa. Ni ma na ɗauki ɗaya, duk da ban iya ba. Muka tuƙa yinin nan har tafin hannuna ya sale, jini na bin itacen.

Da gari ya waye hazo ya rufe mu, mai sanyi, irin wanda ba mu gani ba tun fitowarmu. Iya Delu ta sa aka riƙe ta ta tsoma ƙafa a ruwa, ta janye da sauri, ta ce sanyi kamar randa. Ba mu iya jiran rana tsaka ba. Da hantsi ƙwarya ta ɓace a gaba goma sha biyar. Muka ƙara tuƙi, tara. Wani wari ya taso kamar na ɗanyar ciyawa da aka yanka. Da hazon ya yaye, sai ga mu a tsakiyar ruwa kore shar kamar miyar kuka, ƙwarya na ɓacewa a gaba huɗu. Tsuntsaye dubbai na faɗowa daga sama kamar ana jifa da su. Ƙananan kifaye na tafasa a saman ruwa. Can gefe wasu manyan dabbobin teku, kowace ta fi jirginmu tsawo, suna buɗe baki suna kwasar ruwan suna tacewa, suna feso tururi ta ƙoƙon kai.

Na tace, na leƙa, na daɗe ina leƙawa kafin in yi magana. Na ce akwatunan gilashi ne da sarƙoƙi, ba mai juyawa ko ɗaya, ba ja ko ɗigo. Iya Delu ta sa na sake dubawa sau uku daga wurare uku, sannan ta ce a jefa taru. Bagudu ya saki dutsen awo, ya taɓa ƙasa a gaba arba'in, alhali jiya igiya ba ta isa ƙasa ba. Ashe tsauni ne a ƙarƙashin teku, ruwan ƙasa ke karo da shi ya hauro da takinsa, ko da iska ko ba iska. Taru ɗaya ya kusa kifar da mu. Maza suka ci suna kuka. Bagudu ya gasa kifi guda ya ajiye a gaban Iya Delu, ni kuwa bai ce mini ci kanka ba.

Muka cika jirgi, muka shanya abin da za mu iya, ruwa ya tura mu gida. Mun iso Sulkuma kwana ɗaya bayan tsayuwar wata, mun tarar an ɗaure kaya, gida bakwai ma sun riga sun tafi, sai da aka bi su aka dawo da su. Gaɓa ta cika da guɗa. Cikin taron akwai mace ɗaya da ba ta kallon kifi, fuskokinmu take bi ɗaya bayan ɗaya. Ita ce Tasalla, matar Jatau. Bagudu ya je ya durƙusa gabanta ya gaya mata. Ya ce dafin kawa ne, ƙaddara ce, bai ambaci sunana ba.

Kwana uku ina kai da kawowa a ƙofar gidanta ina kasa shiga. Jirage arba'in sun riga sun bi Bagudu zuwa tsaunin, gari ya fara hayaƙin bandar kifi. A rana ta huɗu na yi sallama, na tsaya daga bakin zaure, ita tana ciki a kan tabarmar takaba. Na gaya mata komai, yadda aka tambaye ni ko akwai ja, da abin da na amsa, da dalilin da ya sa. Na ce in ta so ta kai ni gaban dattawa, duk abin da suka yanke na ɗauka.

Ta saurara har na gama. Sannan ta tambaya ko ya sha wuya. Na ce ya sha. Ta tambaya ko jan nan abu ne da kowa zai iya gani in an nuna masa. Na ce haka ne.

"In na fita takaba, ka zo da tsumman da ƙwaryar da gilashin," in ji ta. "Kai da Iya za ku nuna mini duka. Ba na ce na yafe ba ne."

Haka aka yi. Shekara huɗu na zauna a Sulkuma, Iya Delu na faɗa, ni ina nunawa, Tasalla na kallo. Iskar arewa ta dawo a shekara ta biyu. Kafin ta uku ta ƙare Tasalla ta fi ni sanin ruwa nesa ba kusa ba, har takan gyara mini kuskure a gaban masunta, ba ta kuma taɓa cewa a ci abu ba sai ta duba sau uku. A duk tsawon zaman nan ba ta taɓa kiran sunana ba, in tana son ƙwarya sai ta miƙo hannu kawai.

Ranar da zan bar garin a wani jirgin fatake, Iya Delu ta sa mini albarka daga kan gadonta, Bagudu ya ɗaukar mini kaya har gaɓa. Tasalla na can bakin ruwa tana aikinta na safe. Ta jawo tsumma, ta leƙa, ta dubi sama, sannan ta juyo wajen shugaban fataken.

"Ku bi ta bayan duwatsu, kada ku tsaya a lungu, ruwan can ya fara kwanciya," ta ce masa. Sai ta ɗan juyo inda nake, ba tare da ta dube ni ba. "Korau, ka sauka lafiya."

Iyakar abin da ya same ni a Bahar Zurma ke nan, na faɗe shi yadda ya faru, ban rage nawa laifin ba. Wanda ya san adadin abin da ke cikin ɗigon ruwa, Shi ya san sauran.